Ra'ayinmu: "An Ce" Ba Ta Warkar Da Majiyyaci

Duk wanda ya yi hutun damina a gida cikin shekarun nan, ko a birnin Daura, ko a Baure, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Sandamu, lalle ya ga ma'aikatan nan da ke bin gida-gida da 'yar jakarsu, suna ba yara ƙanana ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sukan ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwarsa na kwana biyu, su yi alama da alli a jikin bango, su wuce, sai kuma wani watan. Abin ya zama jiki har ba mai tsayawa ya tambaya. Mu kanmu da muke karatun likitanci da jinya da unguwarzoma da kiwon lafiyar al'umma, in aka tsare mu aka ce wa ya ce a yi haka, kuma da wace hujja, mafi yawanmu iyakar amsarmu ita ce, ai gwamnati ce ta kawo.

Alhali kuwa abin yana da asali, kuma asalin a rubuce yake. An yi gwaje-gwaje a ƙasashen Afirka ta Yamma inda zazzaɓi ke zuwa da damina ya lafa da rani, watau ƙasashe irin tamu. A shekarar 2012 wani rukunin masana ƙarƙashin Farfesa Martin Meremikwu na Kalaba ya tattara bakwai daga cikin gwaje-gwajen nan, waɗanda suka ƙunshi yara fiye da 12,000, ya yi musu tankaɗe da rairaya, ya buga sakamakon a rumbun nazarce-nazarce na Cochrane. Abin da suka gano shi ne, ba yara maganin wata-wata a lokacin damina yana kawar da kimanin kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin. A watan Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Sahel shawara su riƙa ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 wannan rigakafi. A 2013 ƙungiyar Malaria Consortium ta soma aikin a Jihar Katsina, kuma Baure da Mai'aduwa suna cikin ƙananan hukumomin da aka fara da su. Ashe ƙwayar da ake ba ƙannenmu a zaure ta biyo doguwar hanya, kuma kowane zango na hanyar yana nan ajiye a laburare ga mai son dubawa. Tambayarmu ita ce, mu nawa ne aka koya wa yadda za mu duba?

Kafin a ce mun cika ƙorafi, bari mu tuna wa jama'a abin da ya faru a watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya game ƙasar nan ta wayar salula, cewa a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi, a kuma sha, kafin gari ya waye. Mutane suka tashi 'ya'yansu da tsakar dare. An kwantar da jama'a a asibitoci, har an yi asarar rayuka, ba don Ebola ba, sai don gishiri. Abin takaici, ba jahilai kaɗai suka yaɗa saƙon ba. 'Yan boko ne masu manyan wayoyi suka fi tura shi, kowa yana cewa an ce wani likita ya ce. A watan Maris na 2020 aka maimaita irin wannan da kulorokwin, bayan shugaban Amurka na lokacin ya yaba shi a kan cutar korona, har hukumomin Legas suka ba da sanarwar an kawo mutane asibiti saboda sun sha ya wuce kima. Sai a watan Yuni na shekarar babban gwajin nan na Ingila mai suna RECOVERY ya nuna cewa ɗan'uwan kulorokwin ɗin da aka gwada bai rage mutuwa ba ga waɗanda aka kwantar, amma wani tsohon magani mai araha, dezametason, ya rage ta da kimanin kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi.

To, ranar da irin wannan saƙo ya sake tasowa, wa mutanen ƙauye za su tambaya? Mu za su tambaya. Yaron da aka tura makarantar koyon aikin lafiya, ko da wata uku ya yi, in ya dawo hutu sunansa likita. Inna za ta kawo masa kwalbar da ta saya a kasuwar Mai'aduwa ta ce duba mini. In iyakar abin da ya sani shi ne takardun laccar da ya haddace don jarrabawa, to shi ma "an ce" zai mayar mata, sai dai tasa da Turanci.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, kuma waɗanda suka riga mu jin zafinsa sun nemo masa magani. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Archie Cochrane, wanda ya yi aikin likita a sansanin fursunonin yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya buga wani ɗan littafi a 1972 yana kukan cewa yawancin abin da likitoci ke yi ba a taɓa gwada shi gwaji na gaskiya ba, gado ne kawai daga malami zuwa almajiri. A farkon shekarun 1990 malaman Jami'ar McMaster ta Kanada, irin su David Sackett da Gordon Guyatt, suka yaɗa tsarin da suka kira aikin likita bisa hujja, a 1993 kuma aka kafa ƙungiyar Cochrane don tattara gwaje-gwaje wuri ɗaya. Reshenta na Nijeriya yana Kalaba. Mu da muka tashi a ƙasar da almajiri ke jin malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, bai kamata wannan tsari ya zama baƙo gare mu ba. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi amintacce ne? Tambayoyin ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a makarantun likitanci da suka ɗauki wannan tsari da gaske, kaso mai tsoka na koyarwar yana hannun ma'aikatan laburare. A wurinmu an ɗauki ma'aikacin laburare mai gadin littattafai ne, mai cewa a yi shiru, mai karɓar jaka a bakin ƙofa. A can kuwa malami ne mai darasi da maki. Ko a ƙasar nan, Laburaren Likitanci na E. Latunde Odeku da ke Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Ibadan ya daɗe yana horar da ɗalibai da likitoci kan neman bayani ta intanet.

Me suke koyarwa? Da farko, yadda ake ƙulla tambaya. Ɗalibi yakan zo ya ce yana son bayani a kan zazzaɓi, sai a ce masa wannan ba tambaya ba ce, kogi ne. Wane irin majiyyaci, yaro ko mai ciki? Wane magani? A kwatanta shi da me? Kuma me ake son gani, saukar zafin jiki ko raguwar mutuwa? In tambaya ta tsaya da ƙafa huɗun nan, an yi rabin aiki. Sa'an nan neman amsa. Rumbun PubMed na Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka, wanda aka buɗe wa duniya kyauta tun 1997, yana ɗauke da bayanin maƙalu fiye da miliyan 35. Wanda ya faɗa cikinsa ba jagora, neman allura yake a cikin ruwa. Ma'aikacin laburare ne ke nuna masa cewa kowace cuta tana da sunan da aka yi mata rajista da shi a rumbun, da yadda ake haɗa kalma da kalma don a ƙuntata nema ko a faɗaɗa shi, da yadda ake tace sakamako har dubu goma su koma ashirin da za a iya karantawa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi wuya, watau auna abin da aka samo. Ba duk abin da aka buga ne gaskiya ba. Mutum nawa aka gwada? An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ko mai binciken ne ya zaɓi masu ƙarfi ya ba su maganinsa? Majiyyatan da masu auna su sun san wa aka ba magani, wa aka ba ƙwayar banza? Nawa suka ɓace kafin a gama? Wa ya biya kuɗin binciken? A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙaga maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Kada kuma a ce wannan halin ƙananan mujallu ne kawai. A 2020 mujallar Lancet, wadda ba ta da sa'a da yawa a duniya, ta janye wata maƙala a kan maganin korona makonni biyu da buga ta, don an kasa tabbatar da alkaluman da aka gina ta a kai. Yanzu kuma ga manhajojin nan irin su ChatGPT, masu amsa tambaya da zaƙin baki, waɗanda aka sha kama su suna ƙaga sunan maƙala da marubucinta alhali ba a taɓa rubuta ta ba. Ɗalibin da bai iya komawa rumbu ya tabbatar ba, zai kwafa ya miƙa.

Akwai na huɗu, wanda mu mutanen karkara ya fi shafa: shin hujjar da aka samo a wata ƙasa ta dace da ɗakin shan maganin ƙauyenmu? Ga misali ga 'yan'uwanmu masu koyon unguwarzoma. Tun 1972 wani gwaji a ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa in aka yi wa mai naƙudar bakwaini allurar wani magani, huhun jaririn yakan yi ƙwari, ya fi samun rayuwa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun tabbatar, har hoton sakamakonsu ya zama tambarin ƙungiyar Cochrane. Amma da aka kai tsarin yankunan karkara na ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Zambiya da Indiya, sakamakon da aka buga a 2015 ya girgiza kowa: mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, kuma an lura an yi wa mata da yawa allurar alhali cikinsu ba na bakwaini ba ne, don ba a iya ƙididdige watanninsa daidai ba. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwadawa a asibitocin ƙasashe biyar, har da Nijeriya, inda ake auna ciki da na'ura, ake kuma da kayan kula da jariri, sakamakon 2020 ya nuna allurar tana ceton rai. Magani ɗaya, amsa biyu. Wanda ya karanta maƙalar farko ya tsaya, zai yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Wanda ya karanta ta biyu ya tsaya, zai hana alheri. Wannan ba abin da za a haddace ba ne daren jarrabawa.

Yaya za a kawo wannan ilimi Daura? A nan ne karatu ta intanet ya shigo. Ba kowace makaranta ke da ma'aikacin laburare da ya ƙware a fannin likitanci ba, kuma ba za mu zauna jiran ranar da za a samu ba. Laburaren Amurkan da muka ambata yana da darussan koyon PubMed kyauta a shafinsa. Shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a watan Janairu na 2002 da mujallu kimanin 1,500, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu masu tsada kyauta ko da kuɗi kalilan, kuma uwarsa Research4Life tana da kwas ta intanet don masu bincike da ma'aikatan laburare. Ga rumbun mujallun Afirka na AJOL, wanda aka soma a 1998. Mujallu na gida ma suna nan, irin su Annals of African Medicine da ta fito daga Sakkwato. Yadda laburaren da suka iya aikin ke yi shi ne, su yanka darasin gunduwa-gunduwa, kowane guntu minti goma ko ƙasa, ɗalibi ya kalla a wayarsa sa'ad da ya ga dama, ya yi aikin gwaji, ya aika wa ma'aikacin laburare kalmomin da ya yi nema da su, shi kuma ya gyara masa, sa'an nan a haɗu lokaci-lokaci, ko a aji ko ta waya, a ɗauki maƙala guda a feɗe ta tare. Gyaran nan da haɗuwar nan su ne ran abin. Bidiyo kaɗai ba ya koyar da kowa. Da yana yi, da duk mai waya ya zama shehi.

Garinmu ba garin da za a ce ba shi da masu bukata ba ne. Akwai Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Daura da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ɗakunan shan magani na karkara. Akwai asibitin Sojojin Sama da aka buɗe a 2019. Ga 'ya'yan masarautar nan birjik suna karatun lafiya a Katsina da Zariya da Kano da Sakkwato. Labarin rijiyar Kusugu da muka ji tun muna yara yana cewa ruwa na nan, amma ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Haka ilimin nan yake gare mu yau, sai dai macijin namu ba ɗaya ba ne.

Ba za mu kama sunan kowace makaranta ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wasunmu sun yi karatu inda makaranta ta yi rajistar Hinari, amma kalmar sirrin tana aljihun mutum ɗaya, in ya tafi hutu ta tafi tare da shi. Wasunmu sun ga ɗakin kwamfuta da aka buɗe da biki, aka rufe da kwaɗo bayan baƙi sun tafi, wai kada ɗalibai su lalata. An zagaya da mu laburare a makon farko, aka nuna mana kantoci, shi ke nan darasin har muka kai ajin ƙarshe. Sa'an nan ranar rubuta kundin kammala karatu ta zo, aka ce mu kawo nazarin ayyukan magabata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke biyo baya kowa ya sani, kuma a nan laifin ya dawo kanmu: a je shagon buga takardu, a sayi kundin wani na shekarun baya, a sauya sunan gari da na mai shi. Mun san masu yi, wasunsu abokanmu ne. Kuɗin data da muke cewa babu, muna samunsa in za a kalli ƙwallon Turai ko fim mai dogon zango.

Wasu dattawan malamai sukan ce wannan sabon salo raini ne ga gogewa, wai yaro ya karanta maƙala biyu ya zo yana ja da wanda ya shekara talatin a bakin gadon majiyyaci. Muna girmama wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta, don su kansu mutanen McMaster sun ce hujjar bincike ƙafa ɗaya ce, gogewar likita da ra'ayin majiyyaci su ne sauran. Amma gogewa ce ta riƙe kulorokwin a hannun ma'aikata bayan ƙwayar cutar ta daina jin sa, har sai da gwaje-gwaje suka sa Nijeriya ta sauya zuwa magungunan atimisinin wajen 2005. Shi kuwa atimisinin, ga masu cewa boko ya raina maganin gargajiya, daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi, bayan Tu Youyou ta ƙasar Sin ta bi tsofaffin littattafan magabatanta, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Ba wanda ya hana sassaƙe da saiwa shiga asibiti. Gwaji kawai ake nema, irin wanda ake yi wa kowa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin makarantunmu da su mai da koyon neman hujja darasi mai maki, a hannun ma'aikatan laburare, tun daga shekarar farko, ba lacca ɗaya ta maraba da baƙi ba. A tura ma'aikatan nan horo, a kuma ba su girman malanta da ya dace da aikin. A tsara darussan daidai da halinmu: ƙanana, marasa cin data, waɗanda za a sauke lokacin da sabis ya yi kyau a kalla lokacin da ya ɗauke. Maƙalun da Turanci suke, wannan ba makawa, amma ba abin da ya hana a yi bayanin ƙuri'a da rukunin kwatance da Hausa, don mun ga ɗalibai masu kaifin basira da Turancin ƙididdiga kaɗai ya kayar. A sa wa ɗakin kwamfuta sola, a bar shi buɗe har dare. Kalmar sirri kuma a ba duk ɗalibi da malamin da ƙa'idar shirin ta yarda a ba.

Muna da ƙarin roƙo guda ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da masu hannu da shuni na masarauta, waɗanda suka saba gina ɗaki su sa sunansu. Wanda ya fi kowa bukatar wannan ilimi shi ne wanda ya riga ya gama, aka tura shi wani ƙauye a bakin iyakar Nijar, shi ne likita, shi ne mai ba da magani, ba wanda zai tambaya. Ranar da ya karɓi takardar shaidarsa aka yanke shi daga laburare. Darussan intanet ba su san nisa ba. A bar masa ƙofa, a kuma ba shi lambar ma'aikacin laburaren da zai aika wa tambaya ya sami amsa.

A namu ɓangaren, wannan mujalla za ta ware shafi guda a kowace fitowa, inda za mu ɗauki magana ɗaya ta lafiya da ke yawo a wayoyin jama'a, mu bi sawunta a rumbunan nan, mu bayyana da Hausa abin da muka samu da hanyar da muka bi, don mai shakka ya bi ya gani da kansa. Duk ɗalibin da ke da irin wannan magana, ko wadda aka turo masa ko wadda aka tambaye shi a gida ya rasa amsa, sai ya rubuto ta ya miƙa a ofishin ƙungiya kafin a tafi hutu.